Baba Ya Cire Ka Daga Wasa

Bexford, Ohio
12 ga Satumba, 1999

Zuwa ga ƙanena Curtis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Alaska? Ni da mijina Lonnie lafiya muke, sai dai gajiya.

Na buga waya masana'antar kifinku sau uku. Kullum wata mata ce take ɗauka, ta ce kana ɗakin injuna, za ta gaya maka. Ban sani ba ko mantawa take yi, ko kuwa ta faɗa kai ne ka yi shiru. Shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ya faɗi, yau mako uku ke nan. Yana yankan ciyawa a bayan gida, maƙwabciyarsa ta hango injin yana tafiya shi kaɗai. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja, baki ya karkace. Hankalinsa kuwa garau yake, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana kocin ƙwallo a sakandaren garin nan, wanda in ya daka tsawa a fili ana ji har gidan mai, yau kalma uku ta rage masa: "to", da "a'a", da wani zagi da ba zan rubuta ba. Shekaranjiya fasto ya zo duba shi, ya ce, "Koci Stasko, ya jiki?" Baba ya ba shi ta ukun. Na rasa inda zan sa kaina.

Mun dawo da shi gidanmu. Na fitar da keken ɗinkina daga ƙaramin ɗaki muka sa masa gado. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Yini yake yana kallon bango. Ko ƙwallo aka sa a talabijin sai ya juya kai.

Na san abin da ke tsakaninku. Rabonka da gida tun jana'izar Mama, shekara shida, kuma ko a ranar ban ga kun haɗa ido ba. Ban ce ka zo ka rungume shi ba. Ka zo ka zauna a kujera ka yi shiru, shi ma ai shirun yake yi.

Yayarka,
Darlene

Dutch Harbor, Alaska
4 ga Oktoba, 1999

Yaya Darlene,

Ina gaishe ki, ina gaida Lonnie. Takardarki ta iso ranar Juma'a, kwana goma sha tara tana hanya, don hazo ya hana jirgin sama sauka. Lafiyata ƙalau.

Matar ta gaya mini, kada ki ga laifinta. Na je har gaban wayar na tsaya, na juyo.

Ba zan samu zuwa yanzu ba. Kakar kifi ce, injunan ƙanƙara biyar ne a hannuna, in ɗaya ya tsaya kifin jirgi guda ya lalace. Wannan gaskiya ce, amma kin san ba ita kaɗai ba ce. In zo in zauna a kujerar in ce me? Kin ce shiru yake yi. Ni shekara goma sha uku ke nan yana yi mini shiru, da bakinsa lafiya lau. Kullum da safe in na sauko da ƙafa daga gado gwiwar hagu ce take fara gaishe ni, sai na tuna da shi ko ban so ba. Shekarata talatin, ina hawa bene kamar ɗan saba'in.

Duk da haka ban so masa wannan ba. Na karanta wurin injin ciyawar ya fi sau biyar. Jan nan ne mai karyayyen mariƙi, wanda na koyi yanka da shi? Har yanzu bai sayi sabo ba?

Na aiko da bandar kifi. Ki marmasa masa a cikin dankali, ba sai kin ce daga wurina ba. Ke ma ki riƙa hutawa. Labarin fasto ya sa na yi dariya ni kaɗai a ɗakin cin abinci har ana waiwayo na.

Ƙanenki,
Curtis

Bexford, Ohio
25 ga Oktoba, 1999

Curtis,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Kifin ya iso, ya cinye tas, kuma na gaya masa daga inda ya fito, ka yi haƙuri. Bai ture kwanon ba. Injin kuwa shi ne dai, jan.

Ina da labari. Matar da take zuwa motsa masa jiki ta ce mu nemo abin da zai riƙa yi da hannun hagu. A daidai lokacin shagon tayar da Lonnie yake aiki suka sauya kwamfutoci, aka ba shi tsohuwa ɗaya. Ya kafa ta a falo, ya sayo faifan wasan ƙwallo, irin namu na hular kwano da jifa da hannu. Kai ne koci, kai ne ɗan wasa, kana danna madannai 'yan mutane suna gudu a gilashi.

Kwana uku Baba yana cewa "a'a". Ran na huɗu, bayan cin abincin rana, Lonnie ya zauna yana bugawa, Baba yana kujerarsa ta gefe wai ba ya kallo. Ka san Lonnie, bai taɓa taka fili ba, ganga yake kaɗawa lokacin da yake makaranta. Saura taku ɗaya su ci maki, sai ya sa aka yi dogon jifa, abokan gaba suka cafe. Na ji sandar Baba ta daki ƙasa.

Lonnie ya ce, "Me kuma na yi, Koci?"

Baba ya ba shi kalmar fasto.

Lonnie ya ce, "To ai ga kujera, ka zo ka nuna mana, tunda kai ne gwani."

Curtis, Baba ya tashi. Da kansa ya ja ƙafa ya zo. Na shige kicin na kunna famfo don kada su ji ni.

Da farko yatsun ba sa bin umarni, ya yi ta shan kashi. Yanzu kullum daga ƙarfe goma na safe yana gaban gilashin nan sai na kira shi cin abinci. Ya ma sami kalma ta huɗu. In wasa ya ƙare sai ya ce, "Kuma."

Sai Lonnie ya gano ana iya haɗa ƙungiya da sunayen da mutum yake so. Baba ya nuna bango, wurin hoton ƙungiyarku ta 1986. Na sauko masa da shi. Ya riƙa ɗora yatsa a fuska ɗaya bayan ɗaya, ni ina faɗin suna, Lonnie yana rubutawa. Yara talatin da takwas, kwana huɗu muka yi. Kowa sai an auna masa gudu da ƙarfi, kuma Baba ba ya yarda a ƙara wa kowa. Da aka zo kan Dale Hruska, mai jifan da yake zaman benci a bayanka, Lonnie ya ce, "Koci, a ɗan ƙara wa Dale mana, kullum a shagonmu yake sayen taya." Baba ya ce, "A'a."

Kai ma kana ciki, lamba goma sha ɗaya, babban mai jifa. Naka shi ya karɓa ya yi da kansa. Ya danne madannin bai saki ba sai da layin ƙarfin hannu ya cika har ƙarshe.

Abin da ban gane ba, ƙungiya ɗaya tak yake yarda ya kara da ita. Ya sa an raɗa mata Tilden.

Ka yi tunanin Kirsimeti.

Yayarka,
Darlene

Dutch Harbor, Alaska
14 ga Nuwamba, 1999

Yaya,

Na gaishe ku duka. Dusar ƙanƙara ta fara zuba, amma ina lafiya.

Ki ce wa Lonnie wanda yake jifa mai nisa saura taku ɗaya, ya kamata a ƙwace masa gangar ma.

Ban san me zan ce game da takardarki ba. Na yi kwana uku da ita a aljihun rigar aiki, duk ta yi baƙin mai. A duk shekarun da na yi ina buga masa wasa bai taɓa ce mini hannuna yana da kyau ba. In na jefa ashirin daidai, ta ashirin da ɗayan da na kuskure ita za mu yi ta magana a kanta a mota har gida. Yanzu ki ce ya cika layi.

Akwai wani a nan da yake da irin wasan a ɗakinsa. Na je na kalla ranar Lahadi. 'Yan mutanen duk kamarsu ɗaya, kawuna kamar kwali. Na yi ta tunanin ta yaya yake gane ni a ciki.

Na yi wa shugabanmu maganar Kirsimeti, ya ce zai iya ba ni kwana goma. Ban sayi tikiti ba tukuna, kada ki gaya masa komai.

Ki ba ni labari, tunda ke kike kallo. Yaya nake bugawa? Gwiwata ta ciki tana da lafiya? Mun taɓa cin Tilden ko sau ɗaya?

Curtis

Bexford, Ohio
29 ga Nuwamba, 1999

Curtis,

Gaisuwa a gurguje, a ɗakin jiran likita nake rubutu. Tari ya kama Baba tun ranar bikin godiya, ko talotalon bikin bai taɓa ba. Sun ce ba abin tsoro ba ne, amma za su ɗauki hoton ƙirji.

Na yi murna da maganar Kirsimeti, Allah ya sa. Na riƙe bakina.

Ka tambayi yadda kake bugawa. Ni ban san kan ƙwallo ba, ka sani, kuma rabin lokacin ina kicin. Amma duk sanda na leƙo, Dale nake gani yana jifa. Na tambayi Lonnie, ya ce ai Baba ne yake cire ka daga wasa ya sa Dale, kullum kuwa, ba fashi. Ka ga ko a kwamfuta sai ka ɗanɗana benci! Tilden kuma suna ta lallasa mu.

Ga shi an kira sunanmu.

Darlene

Dutch Harbor, Alaska
12 ga Disamba, 1999

Yaya Darlene,

Ina fata tarin ya yi sauƙi. Ni lafiya nake.

Ba zan zo ba.

Ke kin rubuta ne da wasa, na sani. Lokacin da abin ya faru kina Columbus kina karatu, kuma ba wanda ya taɓa ba ki labarin yadda yake. Bari in ba ki.

Ranar Asabar ce da rana, wasan ƙarshe na yanki, mu da Tilden. Duk garin ya fito. Akwai mutumin wata jami'a a cikin 'yan kallo da littafinsa, domina ya zo, kuma in na yi kyau karatu kyauta ne shekara huɗu. A zango na uku cikin zango huɗu na wasan, muna gaba da maki huɗu, mutum biyu suka danne ni, na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwata. Aka fitar da ni gefe. Bayan 'yan mintoci Baba ya mayar da ni fili. A zango na huɗu suka sake kayar da ni a kan ƙafar, wannan karon sai da aka ɗauke ni a gadon asibiti. Muka sha kashi. Mutumin jami'ar ko sallama bai yi ba.

Bayan kwana huɗu Baba ya zo ɗaukata daga asibiti. Ina kwance a kujerar bayan mota, ƙafa cikin filasta har cinya. Mun yi tafiya mai nisa. Daidai kan gada ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da na sani da Dale na sa."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan a kan ranar. Ƙafata ta tafi, karatuna ya tafi, shi kuma kofin da ya rasa ne yake ci masa rai.

Na ɗauka ciwo ya sauya shi. Ashe shekara goma sha uku yana jiran ya sami inda zai gyara kuskurensa, kuma kuskuren ni ne. To ga shi ya samu. Ya yi ta sa Dale har ya ƙoshi.

Na ajiye aikin masana'anta. Na sami gurbin mai kula da inji a wani jirgin kamun ƙaguwa, za mu tashi bayan sabuwar shekara, sai wajen ƙarshen Maris. Kada ki wahalar da kanki da waya.

Ba da ke nake fushi ba. Barka da Kirsimeti.

Curtis

Bexford, Ohio
2 ga Janairu, 2000

Ƙanena,

Barka da sabuwar shekara. Allah ya sa wannan ta riske ka kafin ku tashi. Takardarka sai jajibirin Kirsimeti ta zo, na riga na gyara maka gado. Na buga masana'anta, suka ce ka kwashe kayanka, ba su san wane jirgi ka shiga ba. Baba yana nan, tarin ya lafa amma ya rame.

Ka karanta wannan har ƙarshe, don Allah. Laifina ne, na rubuta abin da ban fahimta ba.

Na ba Lonnie takardarka. Ya karanta, sannan ya ce, "Darlene, zango na uku ya ce?" Na ce e. Ya ce, "Gobe ki bar kicin ki zo ki zauna."

Na zauna tun daga farko. Kai ne kake fara wasan, Curtis. Zango na ɗaya da na biyu duk kai ne, kuma in ka ga yadda yake jifa da kai da hannun hagun nan, sai ka rantse bai taɓa ciwo ba. Aka shiga zango na uku muna gaba. Sai 'yan Tilden suka kayar da kai. Ɗan mutumin na cikin gilashi ya miƙe lafiya lau, ba abin da ya same shi. Amma Baba ya tsayar da wasan, ya buɗe jerin sunaye, ya sauke lamba goma sha ɗaya ya hau da Dale. Lonnie ya ce haka yake yi kullum, faɗuwarka ta farko a zango na uku, ko muna gaba da maki nawa. Dale ya shiga ya yi ta zubar da ƙwallo, Tilden suka cinye mu. Baba ko a jikinsa. Da aka tashi ya buɗe shafin da ake rubuta waɗanda suka ji ciwo. Ba sunan kowa. Ya daɗe yana kallon shafin nan.

Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, "Baba, me ya sa kake cire Curtis?"

Ya yi ta kokawa da bakinsa har gumi ya keto masa. Lonnie ya ce in ƙyale shi, na ƙi. Can sai ya ɗaga hannu ya daki gwiwarsa ta hagu, ya sake duka. Ya ce, "Gwi... gwiwa."

Na ce, "Ran da ka ɗauko shi daga asibiti, ka ce da ka sani da Dale ka sa. Don kofi ka faɗa?"

Ya ce, "A'a." Ya ƙara cewa, "A'a, a'a." Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ran da muka binne Mama. Ido ɗaya ne yake zubarwa sosai, ɗayan yana biye a hankali.

Na ce, "In rubuta masa?" Ya ce, "To."

Wannan karkataccen abin da kake gani a ƙasa, shi ya yi. Harafin farko na sunansa ne, Vernon. Sau uku biron yana suɓuce masa.

Ka bugo waya ko daga ina ne. Ba sai ka yi magana mai tsawo ba, zan kara masa a kunne.

Yayarka,
Darlene

Bexford, Ohio
20 ga Fabrairu, 2000

Curtis,

Ban san ko kana lafiya ba, ina dai fata. Mako bakwai ke nan ba amsa.

Baba ya rasu ranar Juma'a, sha ɗaya ga wata, da hantsi. Tarin ne ya dawo ya zama ciwon huhu. Kwana shida ya yi a asibiti. Ina riƙe da hannunsa, bai sha wahala sosai ba a ƙarshe.

Na nemi ka ta ko'ina. Na buga ofishin tashar jiragen ruwa, suka ce jiragen ƙaguwa sun fi ɗari, in ba su suna za su kira ta rediyo. Ba ka ba ni suna ba.

Tun ran da na kai waccan takardar ta Janairu gidan waya ya rage wasan. Sai ya sa a juya masa kujera ta fuskanci taga. Ƙarfe sha ɗaya in motar wasiƙu ta tsaya, sai ya bi ni da ido har in je in dawo. Na riƙa cewa, "Yana teku, Baba, hanya da nisa." Ya ce, "To." Daga baya na daina faɗa, sai in girgiza kai kawai.

Cocin ya cika har waje. Yaran da ya koya wa ƙwallo a shekaru daban-daban sun zo, wasu da furfura, wasu daga jihohi masu nisa. 'Yan ƙungiyarku shida ne suka ɗauki akwatin gawar. Dale ne ya riƙe gaba ta hannun dama, inda ya kamata a ce kai ne. Ya yi ƙiba, motar 'yan makaranta yake tuƙawa yanzu. Ya tambaye ni kai, na ce aiki ya riƙe ka.

In ka karanta waccan takardar ka zaɓi ka yi shiru, ban san ranar da zan iya yafe maka ba. In kuwa ba ka gan ta ba, to ni ce na raba ku da layi biyu da na rubuta a kan gwiwata ina jiran likita, ina ganin abin dariya ne. Kullum sai na auna biyun nan, ban san wanne nake roƙon ya zama gaskiya ba.

Lonnie ya tambaya ko ya kwashe kwamfutar daga falo. Na ce ya bari tukuna. Na lulluɓe ta da zanen tebur.

Darlene

Dutch Harbor, Alaska
28 ga Maris, 2000

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa.

Jiya muka shigo tasha. Tun uku ga Janairu muka tashi, kuma a wani tsibiri can arewa muke sauke kaya, ba mu dawo nan ba ko sau ɗaya. Na je gidan waya na tarar da takardunki biyu a akwatina. Ta sama na fara buɗewa, ta Fabrairu. A tsaye na karanta. Sannan na fita na zauna a kan matakala na buɗe ɗayar.

Ban gan ta ba, Yaya. Amma kada ki ɗora wa kanki. Sunan jirgin da gangan na ɓoye miki. Ba layinki biyu ne suka raba mu ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba a takardata ta Disamba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Na ce Baba ya mayar da ni fili. Ba haka aka yi ba.

Da aka fitar da ni gefe, ya zo ya durƙusa ya kama gwiwar da hannu biyu. Ya ce, "Ka gama na yau." Ya juya ya kira Dale, har Dale ya sa hularsa. Ni kuwa ina hango mutumin jami'ar yana rufe littafinsa. Na miƙe na kama rigar Baba. Na ce ba komai ba ne, buguwa ce kawai. Ya ce, "Ka ji wani abu ya yi ƙara a ciki?" Na ce a'a. Ya ce, "Kalle ni ka faɗa." Na kalli tsakiyar idonsa na ce ban ji komai ba. Na yi tsalle sau biyu a gabansa, na cije haƙora don kada in yi ihu. Na ce in ya zaunar da ni a gaban mutumin nan, ba zan ƙara kiransa Baba ba.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa Dale ya zauna.

Ya san na yi masa ƙarya, daga baya likita ya gaya masa jijiyar tun faɗuwar farko ta tsinke. Bai taɓa tuna mini ba. Bai gaya wa Mama ba, bai gaya miki ba. Garin nan kaf suka ce Koci Stasko ya karya ɗansa saboda kofi, ya bar su suka faɗa. Ni ma na bar su. Da na ji maganarsa a kan gada, na ɗauke ta yadda ta fi mini sauƙi, na riƙe ta har na manta ni na fara. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Amma na yi ashirin, na yi ashirin da biyar, na yi talatin, ina da bakin da yake aiki.

Na sayi tikiti. Zan sauka Pittsburgh ranar tara ga Afrilu, ƙarfe biyu da rabi na rana. In ba za ki iya ganina ba tukuna, ki turo Lonnie, zan gane. Daga filin jirgi maƙabarta nake so a fara kai ni.

Bayan nan ina so ki tara mini waɗanda suka ɗauki akwatin, su shidan, har da Dale. A gidanki ko a shagon kofi, duk inda ya samu. Abin da na rubuta miki yanzu zan faɗa musu da bakina, su kuma su kai wa sauran gari.

Ƙanenki,
Curtis